Dogon Hutu da Alƙalami: Shawara Kan Koyar da Rubutu da Tarihi ga Ɗaliban Sakandare na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi



Lokacin da aka aiko mini da takardar gayyata, an nemi in yi magana a kan halin da ilmi yake ciki a arewacin Jihar Zamfara. Na duba na ga wannan kaya ya fi ƙarfin yini guda, balle sa'a guda. Saboda haka na roƙi arziki a bar ni in tsakuro abu ɗaya ƙarami daga ciki, watau makonnin nan na dogon hutu, daga ƙarshen watan Yuli zuwa tsakiyar Satumba, sa'ad da ake rufe makarantun sakandare, manyan makarantu kuma sau da yawa ɗakunansu suke zama wayam. Shawarar da na zo da ita ita ce, a riƙa tara waɗansu daga cikin ɗaliban manyan azuzuwan sakandare na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi a harabar babbar makaranta, na tsawon mako uku ko huɗu, a koya musu rubutu ta hanyar sa su rubuta tarihin garuruwansu da bakin dattawansu. Wurin da ya fi dacewa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun 1983 Ƙauran Namoda take da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da azuzuwanta da laburarenta da ɗakunan kwananta.

Wannan dabara ba ni na ƙago ta ba. A Amurka ya daɗe da zama al'ada jami'o'i su buɗe ƙofofinsu ga yaran sakandare a lokacin hutun zafi. Tun 1954 wata ƙungiya mai suna Telluride ta fara tara zaɓaɓɓun ɗalibai a jami'o'i, musamman Cornell, su yi mako shida suna karatu da muhawara da rubutu a gaban malaman jami'a, ba a karɓar ko kwabo daga hannunsu, ba a kuma ba su maki. Jami'ar Ayowa, wadda ta yi suna wajen horar da marubuta, tana da zango na mako biyu don matasa masu sha'awar rubuta labari da waƙa, haka ma Kwalejin Kenyon da ke Jihar Ohayo, sai dai waɗannan biyu na kuɗi ne, dubban daloli, in ba wanda aka yi wa rangwame ba. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne shirin Upward Bound da gwamnatin ƙasar ta soma a 1965 domin 'ya'yan talakawa da waɗanda iyayensu ba su taka jami'a ba. Yaro yakan yi wajen mako shida yana kwana a ɗakin jami'a, yana cin abincinta, yana shiga laburarenta, har tsoron wurin ya fita daga zuciyarsa. Wannan fitar tsoro, a ganina, ta kai rabin amfanin shirin.

Amma misalai biyun da suka fi tsaya mini a rai ba na Amurka ba ne. A ƙasar Ailan, tsakanin 1937 da 1938, hukumar tattara al'adun gargajiya ta haɗa kai da ma'aikatar ilmi aka umarci yaran manyan azuzuwan firamare su je wurin kakanninsu da maƙwabtansu su rubuto abin da suka sani na tatsuniya, da magani, da sana'a, da labarin yunwa, da sunayen gonaki da rijiyoyi. Yara fiye da 50,000 daga makarantu 5,000 suka yi wannan aiki, suka tara fiye da shafi 500,000, waɗanda yanzu aka ɗora su a intanet, jikoki suna karanta rubutun hannun kakanninsu. Na biyu, a Tanzaniya a 1968, malaman tarihi na Kwalejin Jami'a ta Darussalam suka tura ɗalibansu garuruwansu lokacin hutu don su tambayi tsofaffi labarin yaƙin Maji Maji, wanda aka yi da Jamusawa daga 1905 zuwa 1907. Ku lissafa. Shekara 60 ke nan da wani abu bayan yaƙin. Da an ƙara jinkirin shekara goma, da wuya a tarar da wanda ya gani da idonsa.

Mu ma a gida muna da abin da za mu dogara da shi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, inda jajoji suke jagorantar tsofaffin mata da 'yan mata daga ƙauyuka bayan an kau da amfanin gona, su zo su yi ɗan lokaci suna ɗaukar karatu, sa'an nan su koma su koyar da na gida. Makaranta ce ta zango, wadda aka daidaita da kalandar manomi. A zamanin boko kuma, kowa ya san gasar da Rupert East na Ofishin Fassara na Zariya ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Malam Abubakar Imam yana saurayi ɗan shekara 22 ya shiga gasar, kuma a 1936 aka ɗauko shi daga aikin koyarwa a Katsina ya yi wata shida a Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, yana rubutawa ana karantawa ana tattaunawa. Ke nan babban littafin zubenmu ɗan irin wannan zama ne: ɗaki, da lokaci, da wani na kusa mai karanta abin da ka rubuta tun tawada ba ta bushe ba.

To, wani zai ce, me ya sa tarihi? Me ya sa ba a bar yara su rubuta labaran ƙirƙira ba, tun da shi suka fi so? Amsata ita ce, babban ciwon rubutun ɗalibanmu shi ne rashin abin faɗa. Mun saba ba yaro jigon da bai san komai a kansa ba, mu ce ya cika shafi biyu, sai ya koyi cika shafi. Ya girma ya zama magatakarda, ya ci gaba da cika shafi, kuma waɗansunku da ke zaune a nan kun san irin fayilolin da nake nufi. Amma yarinyar da ta zauna sa'a biyu gaban kakarta tana jin yadda ake kaɗi da saƙa, da yadda ake kai zare kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ta dawo da abin da malaminta bai sani ba. Tilas ta zaɓi abin da za ta fara da shi, da abin da za ta bari, da yadda za ta bayyana mazari ga wanda bai taɓa ganinsa ba. Nan rubutu yake farawa.

Dalili na biyu, an yi wa waɗannan yara ƙwange. An cire darasin tarihi daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare tun zangon karatu na 2009 zuwa 2010, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin mayar da shi. A tsakani an yaye ɗalibai masu yawa, waɗansu har sun zama malamai, ba su taɓa zama ajin tarihi ba. Alhali kuwa ƙasar da muke magana a kanta ƙasa ce da tarihi ya yi wa zaman dirshan. A nan kusa, a ƙasar Isa, Birnin Zamfara yake, wanda Sarkin Gobir Babari ya ci wajen 1762. Shehu Usmanu ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara kafin jihadi. Fulani Alibawa na Zurmi, a ƙarƙashin Namoda, su ne suka karya rundunar Gobirawa da Azbinawa a Fafara kusa da Zurmi wajen 1806, lokacin da al'amarin jama'ar Shehu yake tangal-tangal, kuma Namoda yana cikin shugabannin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. Ya rasu a yaƙin Kiyawa wajen 1810, ya bar sunansa a kan garin da ke bakin Gagare. Bayan shekara 119, watau a 1929, dogo ya taso daga Zariya ta Gusau ya ƙare a garin nan, gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa gangarowa tasha, baƙi daga kudu suka zauna. Daga Tubali Ibrahim Narambaɗa ya fito, daga ƙasar Zurmi Kassu mawaƙin 'yan tauri da mafarauta ya fito.

Yanzu ku tambayi kanku, wa ya rubuta wannan tarihi? Bajamushe Kurt Krieger ya buga tarihin Zamfara da Jamusanci a 1959. Dokta Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku kan tasowa da faɗuwar daular Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, da Turanci. Ayyuka ne masu daraja, amma ɗan aji biyar na Zurmi ba ya karanta Jamusanci, kundin kuwa yana Zariya. Sa'an nan galibin abin da aka rubuta labarin sarauta ne da yaƙi. Labarin maƙera, da majema, da 'yan koli, da leburorin tasha, da ungozomomi, yana nan a ƙirazan mutane, mutanen kuwa suna tafiya. Ni kaina ina da nadama a nan. Na san wani dattijo a Ƙaura wanda ya yi dako a tasha tun yana yaro, zamanin da gyaɗa take gyaɗa. Duk sa'ad da na gaishe shi sai ya ce, "Malam, yaushe za ka zo da littafin naka?" Ni kuma in ce, "Baba, sai an yi hutu." Hutu uku suka wuce. A na huɗu na je da littafin, na tarar ana zaman makoki.

Bari in sauko kan yadda aikin zai gudana, don kada ya zama mafarki. Ɗalibai kada su wuce 40 a zangon farko, rabi mata, daga ƙananan hukumomin nan uku, kuma kada a zaɓe su bisa makin jarrabawa kawai. A sa kowane mai nema ya rubuta shafi guda da Hausa a kan wani tsoho na gidansu. Wanda ya iya sauraro zai bayyana a shafin. Da safe a karanta gajeren abu tare, a yi muhawara a kansa. Da hantsi kowa ya rubuta. Da la'asar a je wurin dattawa, ko a kawo dattawan. Washegari a karanta abin da aka rubuta a gaban 'yan'uwa, a gyara, a sake rubutawa. Sakewar nan ita ce ba a koyarwa a makarantunmu, domin malamin da yake da yara 80 ko 100 a aji ba shi da lokacin duba insha'i sau ɗaya, balle sau uku. A wannan zama kuwa malami ɗaya ga yara takwas ya isa, kuma ba jarrabawa, domin da zarar an ce jarrabawa sai abin ya koma irin darasin hutun nan da iyaye suke biya don haddace amsoshi.

Akwai dabaru uku da nake so a ba su muhimmanci. Ta farko ita ce sanin lokaci. Tsoho ba zai ce maka 1973 ba. Zai ce shekarar da aka canza kuɗi, ko shekarar babban fari. Sai a koya wa yara su zana wa kansu tsani: 'yancin kai 1960, rasuwar Sardauna 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin hannun tuƙi 1972, zuwan naira 1973, karatun firamare kyauta 1976, ƙirƙiro Jihar Zamfara 1996. Can baya kuma ga yunwar 'Yar Gusau ta wajen 1942, da Kakalaba ta 1914, waɗanda tsofaffi suka ji daga iyayensu. Idan kaka ta ce an yi mata aure damina biyu bayan canjin kuɗi, yarinya ta hau tsaninta ta sami 1975 da kanta. Wanda ya taɓa ganin fuskar ɗalibi sa'ad da ya gano shekara ta wannan hanya ya san abin da nake faɗi.

Ta biyu ita ce amanar harshe. Idan dattijo ya ce kassuwa, ko hulla, ko ɗiyata, a rubuta yadda ya faɗa, kada a mayar da shi Bakano. Bayanin da ɗalibi zai yi da bakinsa, wannan ya bi daidaitacciyar Hausa, da ƙa'idojinta na raba kalmomi da haruffa masu lanƙwasa. Ta haka yaro zai gane Hausar gidansu ba kuskure ba ce, kuma ya iya wadda ake buƙata a takarda. Daga baya a sa shi ya taƙaita aikinsa da Turanci a shafi guda, gama jarrabawar fita tana jiransa, ba za mu yi kamar mun manta ba.

Ta uku ita ce tantance magana, kuma a nan muna da darasi a shirye. Baturen Birtaniya Clapperton, wanda ya kira kansa Abdullahi, ya bi ta Zurmi a 1824 sa'ad da ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya rubuta cewa gari ne da bayi gudaddu suke samun mafaka a cikinsa, kuma mutanensa ba su da kyakkyawan suna a ƙasar Hausa. Barth, watau Abdulkarimu, ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853, ya kuma bayyana kasuwar Badarawa. Sai a fassara wa yara waɗannan shafuka a ajiye a gabansu, a tambaye su: kwana nawa baƙon nan ya yi a garin? Da wane harshe ya yi magana? Wa ya gaya masa halin mutanen Zurmi, su da kansu ko abokan tafiyarsa? Garin da bawa gudajje yake samun mafaka, a bakin wa zai zama mugun gari, a bakin bawan ko a bakin ubangijinsa? Sa'an nan a juyo da tambayoyin kan kakanninsu, cikin ladabi, domin tsoho ma yana da garin da yake so da zuri'ar da yake karewa. Ɗalibin da ya saba tambayar "wa ya faɗa, ina ya ji" ba zai yi saurin tura duk abin da ya shigo wayarsa ba.

Na san abin da ke cikin zukatanku tun ɗazu, kuma ba zan kauce masa ba. Wannan yanki yana cikin masifar 'yan bindiga. Ba mu manta da 'yan mata 279 da aka sace a Jangebe a watan Fabrairu na 2021 ba, da ɗaliban Kaya ta ƙasar Maradun a watan Satumba na shekarar, abin da ya sa aka rufe makarantu aka katse layukan waya. Uban da ya ce ba zai bar 'yarsa ta kwana a makaranta ba, ba jahili ba ne, kuma ba ni da bakin da zan ce masa ya saki jiki. Saboda haka kada a tura yaro ko ɗaya ƙauye. Idan hanya ba ta yi kyau ba, malamai su ne za su tafi, a yi zaman yini a cikin garin Shinkafi da cikin garin Zurmi, yara su kwana gidajensu, a tara su a kwaleji sai sa'ad da masu alhakin tsaro da iyaye suka amince. Abin baƙin ciki kuma, masifar da kanta ta kawo mana dattawan har ƙofa. Ƙauyuka da yawa sun watse, tsofaffinsu suna zaune a gidajen 'yan'uwa a manyan garuruwa, ba gona ba kiwo, babu mai tambayarsu komai. Ƙauyen da ya watse, in tsofaffinsa suka ƙare ba a rubuta ba, zai ɓace har da sunayen unguwanninsa da iyakokin gonakinsa, ranar da za a koma kuwa sai shari'a ta tashi.

A nan sai an yi hattara. Ba za a sa yara su tambayi wa ya kashe wa ba, ko wa yake kai labari daji. Wannan ba aikinsu ba ne, kuma yana iya jawo wa gidajensu bala'i. Abin da za su tambaya shi ne yadda ake zaune kafin haka: ina burtali ya bi, ina mashaya take, idan shanu suka yi ɓarna wa ake kai wa ƙara, yadda Sarkin Noma da Sarkin Fulani suke kimanta diyya, yadda manomi yake roƙon makiyayi ya sauka a gonarsa da rani don taki. Kuma lalle ne a sami 'ya'yan Fulani a cikin ɗaliban, a ji daga tsofaffinsu su ma. Yaron da aka haifa bayan 2008 bai buɗi ido ya ga wancan zama ba, yana iya ɗauka cewa haka duniya take tun fil azal. Ya kamata ya ji daga bakin wanda ya gani, ya kuma san cewa sarautun Zurmi da Ƙaura da yake alfahari da su Fulani Alibawa ne suka kafa su a tsakiyar Zamfarawa.

Sai matsalar damina. Dogon hutun nan ya faɗo daidai lokacin da gona take bukatar hannu, rumbu kuma ya yi ƙasa. Ɗauke saurayi daga maimai mako huɗu asara ce ga gida, kuma wanda ya tsara shiri bai lissafa wannan ba zai tara 'ya'yan ma'aikata kawai. Ina ganin mafita biyu. Ko a sa zaman a ƙarshen Agusta, bayan an gama maimai kafin gero ya isa girbi, ko a raba shi biyu, mako biyu da damina, mako guda a hutun Disamba, kamar yadda 'Yan Taru suka jira kaka. Ko ta yaya, abinci da kuɗin mota da littattafan rubutu su zama kyauta.

Wani kuma zai ce kwalejin fasaha ba ta da sashen tarihi. Gaskiya ne aikinta ba shi ne wannan ba. Amma tana da malaman harshe masu koyar da darussan gama-gari, tana da na'urori da masu iya sarrafa su. Malaman tarihi da na Hausa sai a aro su daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Ilmi ta Maru, tare da ɗalibansu na shekarar ƙarshe 'yan asalin yankin. A haɗa da malaman sakandare biyu ko uku daga kowace ƙaramar hukuma, domin su ne za su koma da dabarar aji bayan baƙi sun tafi. Kuɗin kuwa, 'yan'uwana ma'aikata, ku kun fi ni sanin abin da ake kashewa a taron bita na kwana uku a otal. Ciyar da yara 40 na mako uku bai fi ƙarfin ƙananan hukumomi uku ba, balle in ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da attajiran kasuwar Shinkafi sun sa hannu.

Abin da aka tara kuma kada ya ƙare a kwabad ɗin wani ofis, gara ta cinye. Kowace hira a rubuta a kanta sunan mai magana in ya yarda, da garinsu na asali, da ranar da aka yi ta, da sunan ɗalibin da ya ɗauka. Wanda bai yarda a ambaci sunansa ba a sakaya shi. Muryoyin da aka ɗauka da waya a kwafe su a kwamfuta tun kafin yara su watse. A yi kofi uku na komai: ɗaya a laburaren kwaleji, ɗaya a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato ko Gidan Arewa da ke Kaduna, ɗaya kuma a fadar garin da abin ya shafa. Sa'an nan a zaɓi rubuce-rubuce 15 ko 20 a buga ɗan littafi, ko da mai shafi 48 ne, da sunan kowane ɗalibi a ƙarƙashin aikinsa, a raba wa makarantun yankin, a kuma kai wa kowane dattijon da ya ba da labari nasa kofin har gida, jikansa ya karanta masa.

Shugaba, na ga ka duba agogo sau biyu. A nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.